Ranar Da Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa Ya Tafi Da Surukata A Alƙahira

Yau ina so ki ɗan ajiye ludayi ki gyara zama, domin zan ɗauke ki daga tashar motar Tambuwal in kai ki wata tasha da ke can ƙarƙashin birnin Alƙahira na ƙasar Masar, inda na yi minti kamar goma sha biyar da har yanzu in na tuna su sai gabana ya faɗi.

A watan Nuwamba na 2024 muka tafi, mu uku: ni da Malam da mahaifiyarsa, wadda duk gidan muke kira Inna. Inna mutuniyar Kebbe ce, can aka haife ta, can ta yi aure, kuma in ban da aikin Hajji da ta yi tun ba a auro ni ba, tafiyarta mafi nisa ita ce Sakkwato. Ciwon suga ne ya taɓa mata bayan ido, har ta kai ba ta iya bambance jikokinta sai sun yi magana. Bayan an yi ta magani a gida, aka ba da shawarar a gwada Masar. Sai da aka sayar da bijimai biyu da shinkafar da aka ajiye, 'yan uwa suka yi karo-karo, sannan kuɗin ya haɗu. Ni kuwa aka ce in bi su, saboda tsohuwa tana bukatar mace kusa da ita, ga shi kuma ni ce mai ɗan Larabci. Na bar ɗalibaina na Islamiyya a hannun wata malama, yara kuma wajen kakarsu ta wajena.

Ƙanen Malam yana karatu a Jami'ar Azhar, shi ya kama mana ɗaki a unguwar Abbasiyya. Asibitin kuwa yana unguwar Dokki, a tsallaken Kogin Nilu. Kwana biyun farko tasi muka shiga. Uwargida, in kin taɓa ganin cunkoson Sakkwato ana jajibirin Sallah, to ki ɗauka wasan yara kika gani. Birni ne mai mutum fiye da miliyan 20 in aka haɗa da kewayensa, kuma kamar kowa da motarsa ya fito, kowa hannunsa a kan oda. Mun makara ganin likita a rana ta biyu, ga kuɗin tasi yana cin abin da aka ware na magani. Da dare Malam ya baje takardun kuɗi a kan katifa ya yi lissafi, ya ga in aka ci gaba a haka ba za mu kai ƙarshen jinya ba. Sai ƙanensa ya ce, "Yaya, ku shiga metro mana. Mu ɗalibai ai shi ne jakinmu."

Washegari muka isa bakin tasha. Babu wani gini mai ɗaukar ido, alama ce kawai mai babban harafin M, sai matakala da ta nutsa cikin ƙasa, mutane suna ta ɓulɓulowa daga ciki kamar gidan tururuwa. Inna ta ja ta tsaya, ta leƙa da idonta mai ɗan gani, ta ce, "Ke ɗiyata, ina za mu? Rame na hwa wanga." Na ce Inna jirgin a ciki yake. Ta ce, "Ni ban mutu ba ku ka son ku sa ni ƙasa? In lokaci ya yi ai ɗauka ta za a yi, ba sai na taka da ƙahwata ba." Malam ya yi ta lallashi, ita kuma ko kallonsa ba ta yi, don ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, sai dai ta ce da ni "gaya ma wancan". Abin da ya sa ta sauka shi ne wata tsohuwa Bamasariya da ta fi ta shekaru, ta zo da sanda da jakar kayan miya ta wuce mu ta gangara abinta. Inna ta yi bisimilla ta kama hannuna.

Ban ga laifinta ba. Mu mutanen wannan yanki ba mu tashi da jirgin ƙasa ba. Dogon da Turawa suka shimfiɗa ta Gusau a Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba, balle Tambuwal ko Kebbe. Cikinmu wadda ta san jirgin cikin gari, galibi a Saudiyya ta gan shi, wato jirgin alhazai da aka buɗe a 2010 mai zirga-zirga tsakanin Mina da Muzdalifa da Arfa, shi kuma a sama yake tafiya kan gada. Na Abuja da aka fara buɗewa a 2018 da na Legas da ya fara ɗaukar fasinja a 2023, su ma ba sa shiga ƙasa. Saboda haka a ce wa tsohuwa daga Kebbe akwai gari guda a ƙarƙashin gari, da fitilu da shaguna da 'yan sanda, dole ta nemi ƙarin bayani.

Shi wannan jirgi na Alƙahira shi ne irinsa na farko a nahiyar Afirka da ƙasashen Larabawa baki ɗaya. An buɗe shi ranar 27 ga Satumba, 1987, zamanin Shugaba Husni Mubarak, da taimakon injiniyoyin Faransa. Mutanen Landan sun riga su da nisa, tun 1863 suke da nasu. Sai dai Masarawa ba baƙin dogo ba ne, domin tun shekarun 1850 jirgin ƙasa ke tafiya tsakanin Iskandariyya da Alƙahira. Dabarar da aka yi a layin farko ta burge ni, irin dabarar mace mai tattali ce. Da ma akwai tsohon dogo da ke fita kudu zuwa Helwan, akwai wani da ke fita arewa maso gabas zuwa Marg, amma kowane a gefen gari yake tsayawa. Sai aka haƙa rami na ƙasa da kilomita 5 a tsakiyar birni aka ɗinke su suka zama layi guda mai kilomita 44 da tasha 35. Shi ya sa in kin shiga wannan layi, tasha biyar kacal za ki yi a cikin duhu, sauran duk a sarari ne, kina kallon bayan gidaje da shanyar mutane.

Layi na biyu ya fara aiki a 1996, aka yi ta ƙara masa tsawo har 2005. Ya taso daga Shubra ya ƙare a Munib, kuma shi ne ya fara ratsawa ta ƙarƙashin Nilu. Na uku, wanda ya bi ta Abbasiyya, an buɗe shi a 2012, shi ne sabo fil, mai na'urar sanyaya ɗaki da lif na tsofaffi. Hanyarmu ta kullum ita ce mu shiga na uku a Abbasiyya, mu wuce Abdu Basha da Gesh da Babul Sha'ariyya, mu sauka a Ataba, mu bi wani dogon lungu mu hau na biyu, sai Muhammad Nagib, Sadat, Opera, Dokki. Na haddace su kamar yadda nake sa yara haddar sunayen watanni.

Sunayen nan kansu darasin tarihi ne ga mai so. Ahmad Urabi soja ne da ya yi wa mulkin da Turawa ke juyawa bore a 1881. Sa'ad Zaglul shi ya jagoranci yunƙurin neman 'yanci na 1919. Muhammad Nagib shi ne shugaban ƙasa na farko bayan an kawar da sarauta, wanda Gamal Abdul Nasir ya ture a 1954 ya tsare shi a gida shekara da shekaru. Yau ga su nan duka a ƙarƙashin ƙasa, Nagib da tasharsa, Nasir da tasa, ba mai ture wani. Babbar tashar da ke ƙarƙashin dandalin Ramsis da sunan Mubarak take a da. Da aka yi juyin juya hali a 2011 aka kankare sunan aka mayar da ita Shuhada, don tunawa da waɗanda aka kashe a zanga-zangar. Tashar Sadat kuma, da yake a ƙarƙashin dandalin Tahrir take, hukuma ta rufe ta daga Agustan 2013 har Yunin 2015. Kusan shekara biyu jirgi yana wucewa ta cikinta ba ya tsayawa. Na yi ta tunanin matan da aikinsu ko asibitinsu ke saman wannan tasha, yadda suka yi da ƙafafunsu a tsawon wannan lokaci.

To bari in koya miki shiga, ko Allah zai kai ki. Da farko za ki ɗora jakarki a na'urar bincike irin ta filin jirgin sama. Sai ki je taga ki faɗi tashar da za ki, a ba ki ɗan tikiti na kwali wanda bai kai tsawon yatsa biyu ba. Za ki zura shi a bakin wata ƙofar ƙarfe, ya fito ta gaba, ki zare abinki ki wuce. Kada ki yar, kada ki ba yaro ya tauna, domin sai da shi za ki fita a ɗaya gefen, inda ƙofar za ta haɗiye shi gaba ɗaya. Wanda aka kama ba tikiti tara zai biya. Kuɗin kuwa ya daɗe yana fam ɗaya duk nisan tafiya. A 2017 ya koma fam 2, a 2018 aka fara biya gwargwadon yawan tashoshi, abin da ya jawo har wasu suka yi zanga-zanga aka kama su. Lokacin da muka je, fam 8 muke biya kowane mutum, kuɗin tasha tara ke nan zuwa ƙasa, kuma tafiyarmu ta tsaya daidai cikin wannan iyaka. Mu uku zuwa da dawowa bai kai abin da tasi ɗaya ke karɓa a zuwa kawai ba.

Abin da ya fi ruɗa baƙo shi ne ba a rubuta gabas ko yamma. Sunan tashar ƙarshe ake rubutawa. In za ki Dokki daga Ataba, allon da aka rubuta Munib za ki bi, in za ki dawo ki nemi Shubra, ko da kuwa ba ki da niyyar taka Shubra har abada. Kamar dai a ce mai zuwa Dogon Daji daga Tambuwal ya nemi motar Sakkwato. In kika kuskure, za ki ga jirgi yana ta gudu da ke, sunayen da ba ki sani ba suna wucewa.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato taragon mata. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka keɓe wa mata wuri a kowane jirgi, kuma taragu biyu ne a tsakiya. A bakin dogo akwai allo mai hoton mace da rubutun "sayyidat", nan za ki tsaya. Ɗaya na mata ne a kowane lokaci, ɗayan kuma maza na iya shiga bayan ƙarfe 9 na dare. Ba dole ba ne mace ta shiga nan, mun ga mata da yawa tare da mazajensu a sauran taragun. Dalilin keɓewar ba ɓoyayye ba ne, matsi ne da hannun marasa tarbiyya. Ni da na saba zaman mutum huɗu a bayan ƙaramar mota daga Tambuwal zuwa Kebbe, kina takure da goyo a cinya, kina roƙon ɗan kamasho ya haɗa ki da mace 'yar uwarki yana ce miki "Hajiya ki yi haƙuri haka nan", wallahi da na shiga taragon nan sai na ji kamar an sauke mini kaya. Namijin da ya yi kuskure ya faɗo ciki kuwa, tun kafin ma'aikaci ya gan shi matan sun gama da shi da baki. Na ga wani saurayi da ya shigo a guje yana latsa waya, ya ɗaga kai ya ga inda yake, ya tsaya fuskarsa a jikin ƙofa kamar mai laifi a gaban alƙali har tasha ta gaba.

Kada ki ɗauka wurin shiru ne. Kasuwa ce sosai. Mata 'yan talla suna shigowa da manyan jakunkuna, wannan allurar hijabi, wannan safar yara, wannan abin yankan kabewa tana gwadawa a gabanki. Wata za ta bi layi tana ajiye wa kowa ƙullin alewa a cinya ba ta ce komai ba, ta kai ƙarshe ta dawo tana kwashewa. In kina so ki miƙa kuɗi, in ba kya so ki bar shi inda yake. Ranar farko Inna ta ɗauka sadaka ce, ta yi godiya ta sa albarka ta ɓare ta jefa a baki, sai da na biya. A gefe guda ga ɗaliba tana bitar darasi, ga wata da ƙaramin Alƙur'ani tana motsa leɓe, ga wata tana gyaran wake a leda don ta rage aikin gida, ga biyu suna faɗa kamar za su cinye juna, tasha biyu a gaba kuma suna dariya tare.

Ladabin wurin ba a rubuce yake ba, amma kowa ya san shi. Tsohuwa ko mai ciki ko mai jariri ba ta daɗewa a tsaye. Ba a taɓa barin Inna ta yi tasha ɗaya a tsaye ba, da an ga bandejin idonta sai ki ji "itfaddali ya hagga", wato bisimilla Hajiya. Wadda ke zaune takan karɓi jakar wadda ke tsaye ta riƙe mata a cinya, ko ma ɗanta, ba tare da sun san juna ba. Sai kuma kalma ɗaya da ya kamata ki riƙe: "nazla?" Ma'anarta, za ki sauka? In jirgi ya doshi tasha, ta bayanki za ta taɓa kafaɗarki ta tambaya. In kin ce e, sai ta tsaya a bayanki ku fita tare. In kin ce a'a, to ki matsa ku yi musayar wuri. Da haka ake shirya fita tun jirgi bai tsaya ba. Wadda ta toshe ƙofa alhali ba sauka za ta yi ba, ita ce mara kunyar taragon.

Amma fa ba zan yaba musu duka ba. Tausayin nan a cikin tarago yake, a bakin ƙofa babu shi. Masu shiga ba sa jiran masu fita, kowa kafaɗa take sawa, kuma matar da za ta ba ki kujera nan da minti ɗaya ita ce za ta ture ki yanzu. Haka kuma baƙar fata takan sha kallo. Yawanci sun ɗauka daga Sudan muke, in na ce Nijeriya sai su ce masha Allah su ambaci 'yan ƙwallo. Wasu 'yan mata kuwa sun taɓa yin ta nuna mu suna ƙus-ƙus suna dariya, har sai da wata dattijuwa ta daka musu tsawa. Abin ya yi mini ciwo, ban gaya wa Inna abin da suke faɗa ba.

Larabcina ma ya sha kunya. Na yi nahawu da sarfu a kwaleji, ina koyar da su, na zo da ƙarfin gwiwa. Na tambayi wata mata hanyar "Ad-Duƙƙi" da cikakken i'irabi, kowane wasali a mazauninsa. Ta dube ni ta yi murmushi ta ce "sadaƙallahul azim", na kusa da ita suka fashe da dariya. Su ba sa furta ƙaf, jim kuma ga suke ce mata, saboda haka unguwar a bakinsu "Do'i" ce, Hajiya "hagga", Jamal "Gamal". Suna fahimtar Larabcin littafi sarai, sai dai yana yi musu kamar mutum ya shiga kasuwa yana cinikin tattasai da muryar huɗuba. Inna kuwa ta huta da wannan wahala, Hausarta take yi musu, ta ce sunan unguwar Doki, kuma ko ba komai ya fi sauƙin riƙewa.

Ranar da abin ya faru ita ce ta tara, kwana biyu bayan an yi mata aiki, za mu koma a duba idon. Mun fito da safe lokacin da ma'aikata da ɗalibai ke tafiya, wanda kuskure ne tun farko. A Ataba muka rabu da Malam kamar kullum, ya nufi taragon maza a kan sai mun haɗu a Dokki. Jirgi na farko ya zo a cike, muka bar shi. Na biyu ya zo, na ga in muka sake bari za mu rasa layin likita, kuma na san Malam zai shiga wannan. Na sa Inna a gaba ina tura ta a hankali. Ta sa ƙafa ta shiga. Daidai nan igiyar jakar da ke ɗauke da takardun asibiti ta maƙale a jakar wata mata mai fitowa, ta ja ni baya taku biyu. Na sunkuya na fizge. Ƙararrawa ta yi ƙara. Kafin in ɗago, ƙofa ta rufe.

Uwargida, jirgin nan ba motar tasha ba ce. Babu direban da za ki ƙwala wa kira, babu ɗan kamashon da zai bugi bayan mota ya ce saura mutum ɗaya. Na ga Inna ta cikin gilashi, ido ɗaya a rufe da bandeji, tana lalube da hannu inda ta san nake tsayawa. Na bugi ƙofar da tafin hannu. Jirgi ya ja. Babu waya a jikinta, babu takarda mai adireshi, ba ta san sunan unguwar da muka sauka ba, tikitinta ma yana hannuna. Tawa wayar kuma babu layin Masar a ciki, a masauki kawai nake samun intanet, don mun ga sayen layi biyu ɓarnar kuɗi ce. Abin da ya zo mini a rai shi ne Kebbe. Da wane baki zan ce wa 'ya'yanta mata na saki hannun uwarsu a garin mutum miliyan 20? Amanar da aka zaɓe ni saboda ita ke nan.

Abu ɗaya na gani kafin taragon ya shige duhu. Wata mata mai baƙin mayafi da tabarau ta dafa kafaɗar Inna, ta dube ni, ta ɗaga yatsa ɗaya, sannan ta nuna ƙasa. Ban gane ba a lokacin. Wata yarinya 'yar makaranta da ke kusa da ni, da ta ga ina salati hawaye na zuba, ita ta fassara mini da Larabcin makaranta tsantsa, a hankali kamar mai karanta allo: tasha ɗaya, za su sauka, ki hau na gaba. A ranar ba wanda ya yi wa fusaha dariya.

Jirgi na gaba bai fi minti huɗu ba ya iso, amma na karanta duk abin da na haddace na neman tsari. Yarinyar nan ta riƙe hannuna ta kutsa da ni ciki da irin turin da nake zargin su da shi ɗazu. Muka isa Muhammad Nagib. Tun kafin ƙofa ta buɗe na hango su a kan benci ƙarƙashin allon mata: Inna a zaune ta miƙe ƙafa, matar nan a gefenta riƙe da kwalbar ruwa. Na faɗa jikinta ina kuka. Ita kuwa cewa ta yi, "Mi an na kuka? Ni dai na san kina zakuwa. Wagga baiwar Allah tun ɗazu nika ba ta labarin Kebbe, ba ta gane komi ba, amma tana da hankali."

Matar ma'aikaciya ce, ta makara aiki saboda mu. Na rasa abin da zan ba ta, na ciro turaren da ke jakata, ta ture hannuna ta ce aib, wato abin kunya ne. Ta sumbaci Inna a goshi, jirgi ya zo ta shige. Ko sunanta ban tambaya ba. Malam kuwa yana can Dokki, jirgi uku sun wuce ba mu fito ba, ya hau sama ya sauko ya fi sau biyar. Da muka iso bai ce komai ba a gaban Inna. A ranar ya saya mini layin waya.

Daga nan muka kafa doka, kuma ina ba ki ita kyauta, don tana aiki a Harami da tashar Kano da duk inda taro yake. In an rabu, na cikin jirgi ya sauka a tasha ta gaba ya zauna kada ya motsa, na waje ya biyo. Na rubuta sunan Inna da lambar Malam da ta ƙanensa da Larabci a kan kwali, na maƙala mata a cikin hijabi da allurar da na saya a taragon. Tikitinta ya koma hannunta, ta ɗaure a bakin zane inda take ɗaure kuɗin goro. Muka daina fita kafin ƙarfe 10. In za mu shiga kuma, hannuna cikin nata, jaka a gaba, ko mu shiga tare ko mu bari tare.

Da idon ya fara washewa, ranar da ba mu da likita muka hau layin farko zuwa tashar Mar Girgis. Kina fitowa ga tsofaffin coci-cocin Kibɗawa a gabanki, ɗan taku kaɗan kuma ga masallacin Sahabi Amru bin As, wanda aka kafa tun shekarar 21 bayan Hijira, lokacin da Musulunci ya shigo Masar. A hanyar ne Inna ta fara karanta manyan haruffan allon tasha da kanta, ta haɗa sin da ya da dal ta ce Sayyida Zainab. Malam ya juya baya yana share ido.

Sai dai har muka baro garin ba ta yarda da maganar kogi ba. Kullum in mun bar Sadat nakan ce mata, Inna yanzu fa Nilu yana bisa kanmu, da jiragen ruwa da kifaye da komai. Sai ta ɗaga kai ta dubi rufin tarago ta ce ita ba ta ga ɗigo ba. Ranar ƙarshe ta sa Malam ya sayi tikiti ɗaya na daban wanda ba a zura a ƙofa ba, don ƙofa ba ta mayarwa. Yana nan a Kebbe cikin kwallar da take ajiye tasbaha da katin asibiti. Da na je gaishe ta bayan ƙaramar Sallah na tarar da ita a tsakar gida da maƙwabta sun kewaye ta, tikitin yana yawo hannu zuwa hannu, tana cewa, "Ƙarƙashin gulbi munka bi, wallahi, ko ƙahwata ba ta jiƙe ba. Ga ta nan ta zaka, ku tambaye ta, ita ta yashe ni cikin jirgin."